Tsakuwar da Likita Ya Gani Ya Bari

Bara aka yi wa yayarmu tiyata a wani asibiti a Kumasi saboda ƙari a mahaifa. Da aka gama likita ya kira mu ya ce, "Malam, aiki ya yi kyau. Amma mun ji tsakuwa a matsarmamarta, ba mu taɓa ta ba." Ranmu ya ɓaci. Kawu ya ce dabarar cin kuɗi ce kawai, tunda an buɗe ciki, me ya hana a ƙarasa?

Washegari muka koma da niyyar rigima, sai muka fito da darasi. Matsarmama 'yar jaka ce a ƙarƙashin hanta, tana ajiye ruwan ɗaci mai taimakawa wajen narkar da maiƙo. In ruwan ya daskare sai ya zama tsakuwa. Cikin masu ita, kusan 8 cikin 10 ba sa jin komai, kuma 'yan kaɗan ne take tasar wa a kowace shekara. Cire matsarmama kuwa aiki ne na daban, da nasa haɗarin, musamman yanke bututun ɗaci. Ga shi yankan da aka yi wa Yaya a ƙasan cibiya yake, nesa da hanta. Sannan ba ta sa hannu a kan wannan aikin ba, kuma wadda ke cikin barcin allura ba a neman yardarta.

Ba a rasa hanyar cirewa ba. Tun 1882 Carl Langenbuch ya fara cire matsarmama a Balin, a 1985 kuma Erich Mühe ya fara yi ta ƙananan huji. Inda tsakuwar ta wuce santimita 3, ko mai ita yana da sikila, likitoci kan sake lissafi.

An yi wa Yaya hoton ciki, aka kuma faɗa mana alamun da ba a kwana da su a gida: ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo, wanda kan haura kafaɗa, zazzaɓi, amai, ko idanu su yi rawaya irin na shawara.

Jama'a, in likita ya bar wani abu, mu tambayi dalili kafin mu yi zargi. Yaya ta koma kasuwa, ta rage soye-soye. Kawu dai har yau bai gamsu ba.