Rubutun Tsutsa da Ƙugiyar da Ba Ta Son a Manta da Ita

A shekarar 1501, a birnin Banis na Italiya, mai ɗab'i Aldus Manutius ya fitar da waƙoƙin Virgil cikin wani sabon salon haruffa da Francesco Griffo ya sassaƙa masa. Haruffan sun ɗan karkata dama, suna kwaikwayon hannun malaman zamanin, ga ƴan ƙafafu sirara a gindinsu. Wannan ne asalin abin da ɗaliban Hausa ke kira rubutun tsutsa.

A wurin mai nazarin harshe, wannan salo kayan aiki ne. Da shi ake bambanta kalmar da ake magana a kanta da kalmomin da ake maganar da su. Mai karatu na ganin kalma ta karkata, ya san misali ce aka ajiye masa ya duba.

Ɗalibin da ya tattaro kalmomi a N'Guelbély, ko a kasuwar Diffa da ke bakin Komadugu, yakan dawo da harsuna uku a littafinsa. Fulatanci na buƙatar ɓ, ɗ, ƴ da ŋ. Barbarci na buƙatar ǝ. Hausa na da ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ, wadda ƙa'idar rubutu ta Nijar ta 1999 ta tabbatar, alhali a Nijeriya 'y ake rubutawa. Matsalar kan ɓullo ranar buga kundi. Yawancin kyawawan haruffan da ke cikin kwamfuta ba a zana su da waɗannan harsuna a zuci ba. Idan aka karkatar da kalma, sai na'ura ta aro ƙ daga wani gidan haruffa, ta tsaya ƙiƙam a tsakiyar ƴan'uwanta kamar baƙo a gidan biki. Ɗalibin da ya gaji kan share ƙugiyar don shafi ya yi kyau. Nan take "ƙafa" ta koma "kafa", "ɗaiɗai" ta koma "daidai", hujjar babin kuma ta rushe.

Akwai mafita, kyauta ma. Victor Gaultney ya zana Gentium yana karatun digiri na biyu a Jami'ar Reading ta Ingila, da nufin harsunan da ke ƙara wa boko haruffa su sami rubutu mai kyan gani. Charis SIL ma na da cikakken rubutun tsutsa. Doulos SIL kuwa, wadda masu nazarin sauti suka saba da ita, ba ta da shi, don haka karkatar da ita aikin na'ura ne kawai.

Kafin ɗalibi ya zaɓi haruffan kundinsa, ya fara rubuta ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, ŋ da ǝ, ya karkatar da su, ya buga a takarda ya duba. Idan kowace ƙugiya ta fito sarai, kuma ǝ ba ta rikiɗe da a ba, to haruffan sun cancanci ɗaukar maganar mutanen Komadugu.