Kwal a Ƙarƙashin Teku: Labarin Garin Whitehaven

A arewa maso yammacin Ingila, a gaɓar tekun da ta raba ƙasar da tsibirin Ireland, akwai wani ƙaramin gari mai suna Whitehaven. A da, arzikin garin nan kwal ne, watau baƙin dutsen nan mai cin wuta wanda a da jiragen ƙasa ke tafiya da shi. Tun a ƙarni na 17 zuriyar Lowther, masu mallakar ƙasar wurin, suka gyara tashar jiragen ruwa, suka shiga sayar da kwal a birnin Dublin. To, amma jijiyar kwal ɗin ba a bakin gaɓa ta tsaya ba, ta nutsa ne ta yi ƙarƙashin teku. Da na tudu ya fara wuyar samu, sai aka ƙudura a bi ta can.

A shekarar 1729 aka fara haƙa ramin Saltom dab da bakin ruwa, bisa jagorancin Carlisle Spedding, wakilin Sir James Lowther. Zurfinsa ya kai ƙafa 456, daga nan aka yanki hanyoyi zuwa ƙarƙashin tekun. Shi ne rami na farko irinsa a Ingila, kuma an yi aiki a cikinsa har 1848.

Duk wanda ya ji wannan labari, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ruwa, ya ga kamar wata rana tekun za ta ɓarke ta haɗiye mutane. Haka ɗin ta taɓa faruwa a Workington, garin da ke maƙwabtaka da su, a 1837, inda aka yi ta cin ginshiƙan kwal masu riƙe da rufi har teku ta faso, mutum 27 suka halaka. Amma a Whitehaven ba ruwa ne ya fi cin rayuka ba. Ruwan da ke tsattsafowa injin tururi yana zuƙe shi. Babban abokin gaba shi ne wata iska da ke fitowa daga jikin kwal, ba ta da launi, ba ta da wari, da ta taru ta haɗu da wuta sai ta fashe. Ga shi kuwa ba a aiki cikin duhu, kuma fitilar zamanin kyandir ce.

Spedding ya yi dabara. Ya ƙera wani faifan ƙarfe wanda yaro ke juyawa yana goga shi da ƙanƙara, kamar yadda ake yi da ƙyastu, tartsatsin da ke tashi shi ne hasken mahaƙi. An ɗauka tartsatsi ba ya kunna iskar, alhali kuwa wani lokaci yakan kunna. Shi kansa Spedding fashewar iskar nan ce ta yi ajalinsa a 1755. Ko fitilar Davy da ta fito a 1815 rage haɗarin kawai ta yi.

Nisa shi ya ƙara tsananta al'amarin, kuma nan ne haƙar ƙarƙashin teku ta bambanta da ta tudu. A tudu, in hanya ta yi tsawo sai a haƙa sabuwar rijiya daga sama, iska ta shiga, mutane su sami mafita ta biyu. A teku babu wannan dama. Duk iskar shaƙa daga gaɓa take zuwa, duk mai gudun tsira kuma gaɓa zai nufa. Ran 11 ga Mayu, 1910, iska ta fashe a ramin Wellington, gobara ta tare hanya tsakanin ma'aikata da gaɓa. Da aka kasa ƙetare wutar sai aka toshe wurin don ta mutu, mutum 136 suka rasu, manya da yara, ba a kwaso gawawwakin ba sai bayan watanni. A watan Agusta na 1947, watanni kaɗan bayan gwamnati ta karɓe ramukan kwal daga hannun masu su, ramin William ya ci mutum 104. Sauyin mai gida bai sauya halin ramin ba.

Duk da haka mutanen garin ba su daina shiga ba, domin babu wata sana'a da ta kai ta. Ramin Haig, wanda aka fara haƙa a 1914, hanyoyinsa sun zarce mil 4 a ƙarƙashin teku kafin a rufe shi a 1986. A 2022 gwamnatin Birtaniya ta amince a buɗe sabon rami kusa da garin, mutane suka rabu biyu, masu neman aikin yi da masu tsoron ɗumamar yanayi. A watan Satumba na 2024 babbar kotu ta soke wannan izini.