Wa'azin Da Ba Ya Bukatar Mumbari

Ina so in faɗi wani abu da ya daɗe yana yi mini yawo a zuci. Da yawa cikinmu muna tsammani ba a shaida Almasihu sai ran Lahadi, mutum ya sa farar riga ya hau mumbari. Ni kuwa mutumin Karare ne, can wajen Batsari da Safana, inda Kirista ba su da yawa, maƙwabtanmu kuma kusan duka Musulmi ne. A ƙasa irin tamu, wanda ya ce sai ya sami mumbari, to, zai tsufa bai ce kome ba.

Ku dubi yadda aikin ya fara a ƙasar Katsina. Sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawari ba za a taɓa addinin mutane ba. Saboda haka aka daɗe ba a yarda masu mishan su yi wa'azi cikin biranen sarakuna ba. Sai a 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, mishan ta S.I.M. ta karɓi aikin jiyyar kutare a Babbar Ruga, a kan hanyar da mu ke bi daga Batsari zuwa birni. Haka kuma ta yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. A lokacin nan ba a sami maganin da ke kashe cutar sosai ba, sai allurar wani mai, mai zafin gaske. Abin da ma'aikatan su ke yi kullum shi ne wanke gyambo, da ɗaure shi, da kama hannun da dangi ma ke ƙyama. Waɗansu majiyyata suka karɓi bangaskiya, da yawa suka koma gida da addininsu, amma duka an yi musu jiyya iri ɗaya. Nan darasin ya ke.

Yau kuturta tana da magani, amma wata masifa ta sauko mana. Shekarun nan 'yan bindiga daga Dajin Rugu sun addabi ƙauyukan Batsari da Safana, sun kore shanu, sun sace mutane, sun hana noma. A 2019 da 2020 mata da yara suka yi ta tururuwa zuwa cikin garin Batsari, waɗansu har suna kwana a makarantu. Harsashi kuwa ba ya tambayar inda mutum ke ibada.

A kwanakin nan na ga abin da mahaifiyata ta yi. Ba ta iya karatu ba, ba ta taɓa tsayawa gaban taro ba. Amma duk macen da ta biyo ta ƙofarmu da goyo, sai ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama fura, ta dafa rogo. In lokacin salla ya yi, ita ke zuba wa baƙuwar ruwa a buta. Wata rana wata ta tambaye ta, "Baiwar Allah, me ya haɗa ki da mu?" Sai ta amsa da kalmomi kaɗan, ta ce Ubangijin da ta ke bi ya koya mata mai wahala ɗan'uwa ne. Ba ta ƙara ba, sai da aka sake tambaya.

Daga nan na gane abu biyu. Na fari, zarafi ba ya zuwa da kalangu. Yana nan a bakin rijiya, da wurin gayya, da gidan makoki, da sa'ad da tsoho ya miƙo maka takardar asibiti ka karanta masa. Na biyu, alheri ba ƙugiya ba ne. In ka ba mayunwaci tuwo don ka saye zuciyarsa, ciniki ka yi, shi kuwa zai gane. Basamariyen nan na cikin Luka sura 10 ya biya kuɗin masauki ya kama hanyarsa, bai nemi kome ba.

To, 'yan'uwa, ba da daɗewa ba za a rarraba mu ƙauyuka mu koyar. Za mu sami yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, da iyayen da tsoro ya sa ba su yarda da kowa ba. Kada mu ɓoye ko su wane ne mu, kada kuma mu tura wa kowa. Mu riga gaisuwa, mu duba mara lafiya, mu girmama addinin maƙwabci, in an tambaye mu dalili mu faɗa da ladabi. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah shi ba mu idon ganin mai bukata tun bai wuce ƙofarmu ba, amin.