Ranar Da Aka Tuɓe Mini Rawani A Tsafe

Jama'a, a 'yan shekarun baya in ka shiga Tudun Wada ta Gusau ka tambayi Sarkin Dara, to ƙofar gidanmu za a kawo ka. Ba wani basarake ya naɗa ni ba, samarin unguwa ne suka laƙaba mini, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu.

Ga wanda ya tashi bai taɓa durƙusawa gaban dara ba, gurbi 30 ake haƙawa a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Kowa yana da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan tsinke. A zuba su ɗaya bayan ɗaya, kana a shiga tafiya. Wanda ya jera uku a miƙe ya ci, sai ya ɗebe ɗa guda na abokin karawarsa. Shi ke nan dokar, amma ruwan da ke ciki ya fi ƙarfin gwani.

Da malaman jami'a suka shiga yajin aiki a watan Fabrairu na 2022, zaman gida ya ishe ni, sai na tafi Tsafe wurin kawuna. A ƙofar gidansa, gindin wata bedi, dattawa ke haɗuwa bayan La'asar. Tun a daren da na sauka na cika baki gaban 'yan'uwa cewa gobe zan sauke tsofaffin nan daga kan tabarma. Wallahi sau bakwai muka zuba da wani tsoho mai sayar da goro, sau bakwai yana share ni, yana yi yana ɓantarar goronsa, ko kallon ƙasar kirki ba ya yi. Da aka tashi, kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, kai 'ya'yanka kaɗai kaka kallo. Koma wajen yara tukuna."

Maganar nan ta fi mari zafi. Kwana uku ban fito ƙofar gida ba, na ce zazzaɓi nake yi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, irin wasan da na yi a Tsafe shi nake yi a Tudun Wada, kuma da shi na sami sarauta. Ashe aibin yana tare da ni tun fil azal, abokaina ne ba su da idon ganinsa. A lokacin ne na tuna wani abokin ɗakina a makaranta mai yawan karance-karance a kan kartar nan ta Turawa da ake kira Poker, wadda ake bugawa a intanet. Ni dai ba ruwana da caca, kuma kowa ya san matsayinta a Zamfara tun da aka ƙaddamar da shari'a a 1999. Amma ya taɓa gaya mini cewa masu wannan karta suna kiran aibin ɗan wasa da sunan yoyo, kamar na tulu. A teburin ƙananan kuɗi ba ka lura, don ruwan da ke shiga ya fi wanda ke zurarewa. Ranar da ka hau teburin manya, sai ka tarar tulun wayam. Saboda haka suke ajiye lissafin kowane hannu da suka buga, su koma su bi shi daki-daki, in abin ya ƙi kuma su sauko ƙaramin tebur ba tare da jin kunya ba.

Na sayi littafin rubutu, na riƙa zana gurbi 30 ina maimaita wasannin da aka cinye ni. Yoyon farko a wurin zubi yake: ina cusa 'ya'yana gefe guda don kwaɗayin cin farko, in bar wa tsoho tsakiya. Na biyu ya fi muni. In na ci, ɗan da ya fi kusa da hannuna nake ɗauka, alhali akwai wanda tsoho ke shirin rufe layi da shi. Shi kuwa in ya ci, ba ya ɗaukar kowa sai ɗan da ya tare masa hanya, daga nan ya sami wurin da zai buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, kowace rufewa da ci. Na uku kuwa zuciya ce. Da an cinye ni sau biyu sai hannuna ya riƙa riga kaina tafiya.

Na koma Gusau, na koma wajen yara kamar yadda kawu ya ce, amma da sharaɗi a raina: ba na ɗaga tsakuwa sai na faɗi abin da abokin wasana ke nufin yi. Yara suka fara cinye ni jefi-jefi, har wani ya ce rawanin Sarki ya kwance.

Ana saura mako biyu a janye yajin aiki a watan Oktoba na sake komawa Tsafe. Muka zuba sau biyar da mai goro, ya ci uku, na ci biyu. A wasan ƙarshe sai na ga ya mayar da goron aljihu, ya gyara zama, ya sunkuyo.