Ranar da Mena ta Haɗu da Super Eagles

Mahaifina mutumin Farfaru ne, nan bakin iyakar Jibiya. Mahaifiyata kuwa daga Ɗan Isa aka kawo ta, a ƙasar Maraɗi. Shi ya sa tun ƙuruciya ƙungiyoyi biyu nake goya wa baya a ƙwallon ƙafa: Super Eagles ta Najeriya da Mena ta Nijar. Ban taɓa zama na zaɓa ba. A gida rediyon Baba na kan wasan Najeriya, in na je hutu wurin kawunnaina kuma hirar Mena ake yi a gindin mai shayi. Da su na tashi, har yau ban sauke ko ɗaya daga zuciyata ba.

Yawancin lokaci abin ba ya da wuya, don ba kasafai suke haɗuwa ba. Riba ma nake ci. A Oktoban 2011 Najeriya ta yi 2-2 da Gini a Abuja, ta rasa gurbin gasar cin Kofin Afirka ta 2012. Abokaina suka ce su da kallon gasar sai wata shekara. Ni kuwa ina da inda zan sa raina, domin Mena, a hannun koci Harouna Doula, ta samu shiga karo na farko a tarihinta, daga rukunin da ke da Afirka ta Kudu da Masar mai riƙe da kofin. Har gobe ina jin daɗin ƙwallon da Moussa Maazou ya zura wa Masar a Yamai. Da shekara ta zagayo, 2013, Stephen Keshi ya ɗauko wa Najeriya kofin, Sunday Mba ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Wanda ya fara kirana a waya a daren nan Kawu ne daga Ɗan Isa, yana yi mini barka.

Wuyar tana ranar da suka fuskanci juna.

A 2010, a wasannin neman shiga gasar CHAN ta 'yan wasan cikin gida, Nijar ta ci Najeriya 2-0 a Yamai, aka dawo Kano domin wasa na biyu. Na shiga mota na tafi filin Sani Abacha. Duk lokacin da 'yan Najeriya suka taso da ƙwallo sai in miƙe tsaye, bakina cike da addu'a. Golan Nijar na cafkewa kuma sai in ji na sauke ajiyar zuciya. Wani dattijo da ke kusa da ni ya daɗe yana lura, can ya ce, "Samari, wai kai na ina ne?" Na ce, "Baba, daga Jibiya nake." Ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba. Aka tashi babu ci, Nijar ta wuce zuwa gasar a Sudan. A hanyar dawowa motarmu shiru, ni kuma ina ɗauke da baƙin ciki na gaske da murna ta gaske, ba wadda ta rage wa 'yar'uwarta nauyi.

A Janairun 2016 abin ya juya. A Kigali Najeriya ta lallasa Nijar 4-1, Chisom Chikatara shi kaɗai ya ci uku. Na yi ihu a gidan kallo tare da kowa, amma kafin a hura usur ɗin tashi hankalina ya koma kan Kawu da yaransa, na san yadda suka yi jugum a gaban talabijin.

Masu tausaya mini kan ce in riƙa roƙon canjaras in huta. Ban yarda ba. Mai son ƙungiya ba ya yi mata fatan kunnen doki. Ina so kowacce ta buga iyakar ƙarfinta, wadda ta fi ta ci, ni kuma in haɗiye rabona na ɗaci. Abin da wannan ya koya mini shi ne, bakina ba ya iya yi wa wanda aka ci dariya, domin na san fuskokin mutanen da ke wancan gefen. Na ci tuwo a gidajensu.

Ban san zurfin wannan ba sai a 2023. A Janairun shekarar, a gasar CHAN ta Aljeriya, Mena ta doke Ghana 2-0 ta kai wasan kusa da na ƙarshe, Ghanar da ta hana Najeriya zuwa gasar. Gidan kallonmu ya kaure da sowa, ana cewa 'yan'uwa sun rama mana. Watanni kaɗan bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa Nijar, har ana zancen yaƙi. A Facebook na ga mutane sun rabu biyu, "mu" da "su", suna jifan juna da irin kalaman 'yan gidan kallo, alhali a nan rayuka ne a tsakani. Harshena ya ƙi furta "su". Yaya zan kira dangin Innata haka, bayan sarautar Maraɗi kanta Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi? Sai Maris na 2024 Najeriya ta buɗe iyakar, bayan an yi suna da biki da zaman makoki da yawa ba tare da rabin dangi ba.

Roƙona ga hukumomin ƙwallon ƙasashen biyu shi ne su riƙa shirya wasan sada zumunta tsakanin Eagles da Mena duk shekara, kuma kada a kai shi Abuja ko Yamai. Bana a buga a filin Muhammadu Dikko da ke Katsina, baɗi a buga a Maraɗi. Yaran Farfaru da na Ɗan Isa su shiga mota ɗaya su je kallo, kowa da tutar da ya ga dama, mai biyu kuma a bar shi ya ɗaga duka.