Tururuwa a Sabon Ibadan



Ranar sallar da ta wuce muna hanyar idi, sai na ce wa ɗana, "Dubi yadda jama'a suka yi tururuwa." Ya ce, "Baba, mene ne tururuwa?" Wallahi sai jikina ya yi sanyi. A nan Sabo aka haife shi, bai taɓa ganin ta ba.

Na ce masa asalinta sunan ƙwaro ne, baƙaƙen nan da ke jan layi a gona bayan girbi, kowace da ƙwayar gero a baki. Daga nan Bahaushe ya ɗauko kalmar. Dandazo a tsaye yake wuri guda, cunkoso kuwa matsatsi ne. Amma tururuwa tafiya ake yi, gaba ɗaya an nufi wuri ɗaya.

Haka iyayenmu suka yi tururuwa zuwa nan, fataucin goro da shanu. Sai dai ita tururuwa duk nisan da ta yi, gida take kai abin da ta samo. Bana da kaka, in Allah ya yarda, zan kai yaron nan ƙauyenmu ya gan ta da idonsa.