MAKWAR: INDA AUDUGA TA RIƘE MAHAJJATA

Da wuya a sami tsohuwar zuri'a a Maraɗi, Damagaram ko Katsina wadda ba ta da wani nata da ya ɗauki sanda da buta ya nufi Gabas da ƙafa, aka yi shekaru ana sauraro, daga bisani labari ya zo cewa an gan shi a Makwar. Mu ma a gidanmu akwai ƙanen kakata, wanda har ta rasu ba ta daina ambatonsa a addu'a ba.

A wancan zamani Makwar ƙauye ne a bakin Shuɗin Nilu, kusa da tsohon birnin Sinnar a Sudan. A nan Turawan Ingila suka gina madatsar ruwa mai tsawon kimanin kilomita 3, suka kammala ta a 1925. Daga gare ta aka ja babbar magudana zuwa cikin Jazira, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar laka da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Ƙasar ta ɗan karkata arewa, don haka ruwa kan bi gonaki da kansa ba tare da inji ba. Bayan da aka ƙara yankin Manaƙil, filin noman ya kai kadada wajen miliyan 2.

Abin da Bature yake so shi ne auduga, ko kaɗa kamar yadda muke cewa a nan, domin masaƙun Ingila. Amma auduga hannu take ci, mutanen wurin kuwa ba su isa ba. Sai ga ayarin mahajjata, guzuri ya ƙare, Makka da sauran nisa. Tun kafin nan akwai namu a yankin: bayan shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira har ya kafa gari kudu da Sinnar, wanda ake kira da sunansa har yau. Mahajjaci kan sauka ya yi cirar auduga kaka ɗaya don ya haɗa kuɗin jirgi. Kaka ɗaya ta zama biyar, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya.

Audugar kuwa ba ta tsayawa. A gurje ta a Marinjan ko Hasahisa, a ɗaure diloli, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Bur Sudan a gaɓar Bahar Maliya, tashar da aka buɗe a 1909 domin mashigar Sawakin ta yi wa manyan jiragen ruwa ƙunci. Hanyar da dila ta bi cikin kwanaki, mai cirar ta kan shekara goma bai bi ta ba.

A zamanin kamfanin Turawa, kashi 40 cikin 100 na kuɗin auduga na mai hawasha ne, wato wanda aka yanka wa gona. Wasu namu sun samu, amma mafi yawa 'yan ƙwadago suka zama, suna zaune a unguwannin bukkoki da ake kira kambo a gefen magudanai, inda tsargiya da zazzaɓin sauro suka yi gida. Ana ce musu Fallata ko Takari, kuma jikokin da ba su taɓa ganin Kano ba sun sha wuyar samun takardar ɗan ƙasa. A ganina wannan ya fi talaucin ciwo.

Gwamnati ta karɓi aikin daga kamfanin Turawa a 1950. Daga baya magudanai suka cushe da laka, dokar 2005 ta sakar wa manomi ya shuka abin da ya ga dama, auduga ta ja baya. Sai yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023: dakarun RSF suka kama Wad Madani a Disambar shekarar, sojoji suka ƙwato ta a Janairun 2025. A wancan lokacin ne aka kai hari kan wasu kambo bisa zargin mazaunansu sun goyi bayan abokan gaba, aka kashe mutane.

Ƙanen kakata dai, wani alhaji ya ce ya ga 'ya'yansa a wani ƙauye kusa da Mai Wurno, suna noman albasa a bakin kogi, Hausarsu da ɗanɗanon Larabci. Tun da yaƙin ya fara ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Duk mai ɗan'uwa a wannan yanki da yake samun waya, don Allah ya sanar da ofishin ƙungiya.